Tankin Injiniya a Saman Kwano

Ranar Litinin ta makon ƙarshe na watan Agusta, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, Malama Jawahir dubagari ta yi sallama a gidan Yagana mai rini, a wani lungu na Fagge. An ba ta kujera ba ta zauna ba. Ta tsaya a bakin ramin da ruwan gidan yake fita, tana kallon launin ruwan hoda yana gangarawa cikin babbar kwatar layin, ta girgiza kai.

"Hajiya, kwatar nan ta ruwan sama ce kaɗai. Ruwan rini an hana zuba shi a ciki. Ki tara shi a duro, ki biya kuɗin wata a ofis, motarmu ta riƙa zuwa tana kwashewa Talata da Juma'a."

"To, Malama, in sha Allahu."

"Ran Asabar tsaftar muhalli ce, zan dawo da kaina. In na ga launi a kwatar nan, ko ɗigo ne, kwaɗo zan sa wa ɗakin rininki."

Ta sa aka toshe ramin da bulo, ta shafa masa jan fenti, ta miƙa takarda, ta fita.

Yagana ba ta yi gardama ba, don ta san abin da ke gabanta. Shadda arba'in, yadi biyar-biyar, Hajiya Mahbuba ta Kantin Kwari ta kawo mata a rina ruwan hoda don ankon biki, kuma Asabar ɗin nan da azahar za a karɓa. Shekara bakwai Hajiya Mahbuba tana ba ta aiki, rabin abin da ake ci a gidan daga hannunta yake fitowa. Idan aka rufe ɗakin rini, ko kayan suka ɓaci, matar ba mai yin magana biyu ba ce. Saboda haka Yagana ta kwance bakin zani, ta haɗa da abin da ke ƙasan akwati, kuɗin watan suka cika cif.

Kuskurenta ɗaya, hannunta yana cikin baho, ba ta da halin fita. Sai ta ba mijinta ya kai.

Malam Bahauddeen ya taɓa yin wata biyu yana riƙe littafin shiga da fita a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tun daga nan ya zama Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, kuma in ba ka kira shi haka ba sai ya yi kamar bai ji ba. Fankar falonsu da ya gyara bara har yau sama take hura iska.

Ya karɓi kuɗin ya juya su a hannu. "Wai kowane wata? Don ruwan da Allah ya halitta yana gangara da kansa?"

"Baban Kamila, don Allah ka kai kawai, ka karɓo rasit."

"An gama," in ji shi, ya gyara zaman hula ya fita.

Da azahar wayarta ta yi ƙara. Boniface ne, mai shagon kayan famfo a tsallaken titi, ɓangaren Sabon Gari. A Kano aka haife shi, kuma shi yake gyara mata famfo duk lokacin da Injiniya ya riga ya gyara.

"Madam Yagana, ya gida? Wai rijiya za ku haƙa?"

"Wace rijiya kuma, Oga Boni?"

"To ga Injiniya nan a shagona. Ya ɗauki bututu shida, da tanki na hannu, da ƙaramin injin tura ruwa. Na ce ya haɗa da gam, ya ce gam na 'yan koyo ne. Na ce in zo in ɗaura masa kyauta, ya ce in zo dai in kalla, ko na ƙaru."

Daga nesa ta jiyo muryar mijinta. "Gaya mata ta kwantar da hankalinta! Gwamnati ta gama cin kuɗinmu!"

Yagana ta zauna a kan turmi.

Sai bayan la'asar A-daidaita-sahu ya shigo lungun, tanki a ɗaure a samansa, bututu sun yi tsini gaba da baya. Direban tun kafin ya kashe inji yake faɗa.

"Hajiya, mijinki ne wannan? Allah ya ba ki lada. A mahaɗar Bata bututunsa ya tuge hular wani bawan Allah, muka tafi da ita a rataye har shataletale. Ya ce in juya mu mayar, ina juyawa na baya ya kwashe tiren mai gurasa. Ga mai gurasa na binmu, ga mai hula na binmu, shi kuma yana leƙo kai yana ce musu aikin gwamnati ne!"

"Ai aikin da ya shafi gwamnati ne," in ji Bahauddeen yana sauke kaya. "Kai dai ba ka iya kwana ba."

Da suka shiga gida ya zaunar da ita, ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa.

"Malamar nan da ta zo, ina ta duba?"

"Kwata."

"Ƙasa ke nan. Dubagari tun zamanin Turawa ƙasa suke kallo. To mu sai mu bi ta sama. Injin nan zai tura ruwan rini ta bututu ya hau kan kwanon ɗakina, ya zauna a tanki. Hadari na tasowa, ruwa na kecewa, in hau in murɗa famfo, ya bi indararo ya faɗa kwata. Ruwan Allah ya wanke shi tas har Sabon Gari. Wa ya gani? Wa ya ji?"

"Kuɗin fa?"

"Sun zama kayan aiki. Tasu biyan kowane wata ce, tawa sau ɗaya."

"Baban Kamila, kwanon ɗakin nan ya girmi aurenmu."

"Na auna shi."

"Da me?"

"Da ido. Ke kin san ido nawa ne a kan injiniya?"

Ta so ta yi kuka, ta ga ba lokaci. Ba ta da wasu kuɗin sai Hajiya Mahbuba ta karɓi kaya, kuma shadda ba ta rinuwa ba a zubar da ruwa ba. Ramin ƙasa a toshe yake da jan fenti. Ta ce masa abu ɗaya take roƙo, kada kowa ya ji.

"Sirri ne," in ji shi. "Ko inuwata ba za ta sani ba."

Da safiyar Talata, a matsayin sirri, ya gaya wa mai shayi. A matsayin sirri kuma ya gaya wa Malam Ikrima mai aski, don Ikrima ya taɓa cewa shi ba injiniya ba ne. Kafin ƙarfe goma mutum goma sha huɗu ne a ƙofar gidan, biyu sun zo da benci.

Ya ari tsani wurin Hajja, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su. Aka taru aka cicciɓa tanki sama. Ya jera bututu a jikin bango, duk mahaɗa ya naɗe ta da robar tsohuwar tayar keke, yana ja da haƙori yana bayani. Ya samo wata hular kwano ta 'yan babur ya kifa a kai.

"Injiniya, robar nan za ta riƙe kuwa?" in ji Ikrima.

"Ikrima, ni na taɓa zuwa na ce ga yadda za ka riƙe aska?"

Ya ja igiyar inji. Inji ya yi tari, ya kama. Bututu suka fara rawa, aka ji ruwa na hawa, mahaɗa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Bahauddeen ya juyo ya buɗe hannuwa yana jiran tafi. A daidai nan mahaɗa ta huɗu ta yi fit, bututun ya karkata kai ya leƙa gidan Hajja, ya shiga feshi.

Aka ji kukan rago. Sannan aka ji na Hajja, wanda ya fi ƙarfi.

"Bahau! Kai Bahau! Fito ka ga abin da ka yi mini!"

Ta fito janye da ragon da take kiwo don sunan jikarta. Jiya fari ne fat. Yanzu daga ƙaho har wutsiya ruwan hoda ne, launi mai kyau kuwa, don rinin Yagana ba ya wasa. Ragon ya tsaya a tsakiyar lungu ya yi atishawa. Mutum goma sha huɗu suka zube da dariya, benci ɗaya ya kife da masu shi.

"Hajja, ki duba da kyau," in ji Bahauddeen daga kan tsani. "A Kantin Kwari kuɗi ake biya a sami wannan launin."

"Kuɗin gidanku! Na raine ka kana tsere ba wando, yau ka rina mini rago? In liman ya zo raɗa suna in ce masa me? Amarya na kawo?"

"Ai ciki ba abin da ya same shi."

"Kai ne dai ba komai a cikin kanka. Ko akuyata ta gan shi ta haye turmi!"

Yagana ta fito ta durƙusa tana ba da haƙuri, ta yi alkawarin sabulu da omo. An wanke ragon sau uku a ranar. Ya ƙara haske.

Injiniya ya ce laifin robar ne, ta tayar gaba ce, ya sake naɗi da ta baya. Abin mamaki, da yamma ruwa ya hau har tanki. Ya zaga lungun sau biyu da hular kwano a kai, yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Abin da ya rage kawai ruwan sama.

To a watan Agustan da kullum sai an yi ruwa, sai sama ta ɗauke.

Laraba rana ta buɗe tun safe. Ya ce gwiwarsa ta hagu tana gaya masa da la'asar za a yi. Ba a yi ba. Tanki ya cika, don bayan anko Yagana tana da shuɗi da kore na wasu mutane, duk ruwan can yake hawa. Ya hau da duro biyu. Alhamis ya ce gwiwar ta yi kuskuren kwana ɗaya. Duro suka cika, ya hau da bahon wanka, da babbar tukunyar da ake aro a yi biki. Yini yake a ƙofar gida kansa a ɗage, har wani baƙo mai wucewa ya tsaya kusa da shi ya tambaya ko wata ake nema.

Ranar Juma'a da safe Yagana ta shiga ɗakinsa ɗaukar tsintsiya, ta ga silin ya yi ciki kamar mai wata takwas. Wani ruwa mai launin zoɓon da ya kwana yana ɗiga, ɗis, ɗis, a kan farin kaftanin da ya goge don masallaci.

"Baban Kamila, zo ka gani."

Ya zo ya duba sama, ya duba kaftani. "Gumi ne. Tanki yakan yi gumi."

Haka ya sa shi ya tafi masallaci da ɗigo-ɗigo a kafaɗa. Ikrima ya ce a sahu ya ji yana gaya wa na kusa da shi cewa sabon yayi ne daga Dubai.

Da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Bahauddeen ya haye tsani da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ya dafa famfo yana jira. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, amma a Sabon Gari. Daga kan kwano yana hango shi yana zuba a tsallaken titi, mutane na gudu da leda a ka, nan Fagge ko ɗigo. Wayarsa ta yi ƙara, Yagana ta ɗauka a tsakar gida ta sa a bayyane.

"Injiniya," in ji Boniface, ana jin ruwa na dukan rumfarsa, "mun samu da yawa a nan. In aiko maka da bokiti ɗaya?"

"Ka ce masa iska ce ta yi kwana!" in ji Bahauddeen daga sama.

Yagana ta roƙi Boniface ya zo ya duba mata rufin. Ya zo kafin magariba, lokacin Injiniya ya tafi majalisa. Ya leƙa ɗakin, ya ɗaga kai, ya fito da baya da baya kamar wanda ya ga maciji.

"Madam, kada kowa ya kwana a nan. Kuma kada ki shanya komai kusa da ƙofar nan."

Ta dubi tsakar gidan. Shadda arba'in ta gama rina su ranar, duk suna kan igiya, igiya kuwa daga bango zuwa bango, ba inda babu. Sai sun bushe da safe za ta kai wa masu bugu su fito da sheƙinsu. Kuma gobe tsaftar muhalli, daga bakwai zuwa goma ba mota, ba babur, ba A-daidaita-sahu. Kaya ba za su fita ba sai goma ta buga. Ta lallaɓa mijin ya kwana a falo, ta ce masa sauro ya yi yawa a ɗakinsa.

Asabar ƙarfe bakwai duk lungun ya fito. Maza sun naɗe wando sun shiga kwata da shebur, ana fito da yashi da leda da robar lemo ana tarawa a gefe, wasu na turawa a baro. Mata na share ƙofar gida. Yagana tana taɓa shadda ɗaya bayan ɗaya tana duban agogo.

Takwas da minti goma iska ta kaɗa, gari ya yi duhu. Ta ji ƙarar tsani a jikin bango, ta fito da gudu. Har ya kai tsakiya, hular kwano a kai.

"Baban Kamila, don girman Allah ka bari goma ta yi. In fita da kayan mutane, malamar ta zo ta tafi, sannan ka yi abin da ka ga dama."

"Hadari ba ya jiran dubagari."

"Yau duk gari yana cikin kwata!"

"Ruwa na sauka kowa zai gudu gida. Na lissafa."

A nan kam lissafinsa ya yi daidai. Manyan ɗigo suka fara sauka, aka watsar da shebur aka ruga zaure-zaure. Yagana ta koma tana fizgar shadda daga igiya tana jefawa falo. Daga sama ta ji ya yi kabbara, ta ji famfo ya yi ƙara, ta ji indararo ya ɗauka.

Ruwan minti uku ya yi. Iska ta kwashe hadarin ta yi gabas da shi, rana ta fito tas kamar an wanke ta.

Mutane suka fito daga zaure suna karkaɗe riga. Duk indararon lungun sun yi shiru, sai ɗaya. Na gidan Injiniya yana ta kwarara, kauri kamar cinya, launin zoɓo, yana faɗawa cikin kwatar da aka gama yashewa yanzu-yanzu. Da yake an kwashe duk abin da zai tare shi, sai ya miƙe sambal, ya nufi kwalbatin da ke ratsa titi.

"Injiniya!" in ji Ikrima. "An ɗauke fa!"

"Na gani! Ina sane!"

Ya murɗa famfo dama, ruwa ya ƙaru. Ya murɗa hagu da ƙarfi, kan famfon ya cire ya biyo hannunsa. Ya tsaya yana kallonsa.

"Menene wannan a hannunka?"

"Haka ake yi! Cirewa ake yi a huta!"

Ya jefa shi aljihu, ya zaro hular zannarsa daga ɗaya aljihun ya cusa a bakin bututu. Hular ta yi daƙiƙa biyu, ta fito kamar harsashi ta sauka a tukunyar mai shayi. Ya tuɓe riga ya cusa, rigar ta bi indararo ta tafi Sabon Gari. Da ya rasa abin yi sai ya juya ya zauna a kan bakin, ya jingina da tanki, ya harɗe hannu kamar mai hutawa. Ruwa ya fara fita ta gefensa biyu, dama da hagu, kamar ya yi fiffike.

Ana cikin haka Hajja ta fito, ta kama tsaninta ta fara ja.

"Hajja! Hajja, ina kai!"

"Na gani. Nawa ne, yau tsafta, zan duba indararona." Ta saɓa shi da taimakon wata maƙwabciya, ragonta mai ruwan hoda yana biye da ita.

Daga bakin lungu aka ji hayaniya. Mutum tara ne suka shigo a jere, daga ƙugu zuwa ƙasa duk launin zoɓo, kowa da shebur. Boniface ne a gaba. Su ma a nasu ɓangaren sun shiga cikin kwalbati suna yasa, suka fake a ciki da aka fara ruwa, sai abin ya same su a tsugune. Ba su sha wahalar nema ba. Titi fayau ba mota, suka tsallako suna bin launi har gida. Matarsa Ifeoma tana gefe riƙe da farin ɗankwalinta da ya tashi daga fari. A bayansu kuma, da takarda a hannu da ma'aikata biyu, Malama Jawahir ce, ita ma launin ta biyo tun daga titi.

"Injiniya!" Boniface ya ɗaga wata jiƙaƙƙiyar riga a kan shebur. "Ga saƙonka ya iso. Mun zo godiya."

"Gobe da wace ƙafa zai shiga coci?" in ji Ifeoma. "Mutumin da zai zaga karɓar kuɗin baiko a gaban jama'a! Ka ga ƙafar? Ka ga ƙafar?"

"Madam, ya sa safa," in ji Bahauddeen daga sama.

"Safa har ƙugu?"

Malama Jawahir ta tsaya a ƙarƙashin indararo, gefe kaɗan, ta duba agogo ta rubuta lokaci. Sannan ta ce, a natse, "Malam, me ke faruwa a nan?"

"Ranki ya daɗe, ni ma mamakin da nake yi ke nan. Ruwan bana wani iri ne. Na hau ne in bincika."

"A gidanka kaɗai ake yin sa?"

"A nan hadarin ya fi tsayawa."

"Wancan tankin fa? Da duro biyu, da baho, da tukunya?"

"Na auna ruwan sama ne. Bincike nake wa jami'a."

"Wace jami'a?" in ji Ikrima.

"Ba ka san ta ba, sai da takarda ake shiga."

A cikin gida Yagana ba ta tsaya jin wannan ba. Ta ji katakon rufi ya yi wata ƙara, ƙiiii, irin ta tsohuwar ƙofa. Ta leƙo zaure ta ƙwala wa Hajja da Ifeoma kira, "Hajja! Maman Mercy! Ku taimake ni, kayan mutane!" Hajja ta yar da tsani, Ifeoma ta yar da ɗankwali, suka faɗa gidan. Faɗan da suke yi da mijin bai hana su ba. Hajja na zagi tana cirewa, Ifeoma na zagi tana ninkewa, Yagana na ruga falo da su tana ƙirgawa. Ashirin da shida. Ashirin da tara.

A waje Malama Jawahir ta ce, "Malam, ka sauko a hankali. Rufin nan ya lotsa, ina ganinsa daga nan."

Wannan ce maganar da Bahauddeen bai iya haɗiyewa ba. A ce ya karya doka, ya ji. A ce aikinsa ba shi da ƙarfi, a gaban Ikrima, a gaban Boniface, a gaban Fagge da Sabon Gari? Ya miƙe tsaye, ruwa ya ci gaba da harbi ta tsakanin ƙafafunsa.

"Malama, ke ɓangarenki tsafta, ni ɓangarena gini. Rufin nan ni na auna shi. Ko motar yashi aka ɗora zai ɗauka. Ku duba nan!"

Ya ɗaga ƙafa ya buga.

"Kun gani?"

Ya sake bugawa.

Ba wanda ya ga saukarsa. An dai ga Injiniya a tsaye, sai aka ga babu Injiniya, babu tanki, babu duro, sai tukunyar biki ita kaɗai tana juyi a bakin wani babban rami, ita ma ta bi su. Ƙarar ta kai har Bata. Ƙofar ɗakin ta ɓalle, igiyar ruwa ta fito tsakar gida ta kai gwiwa, ta fantsama kan igiyoyin shanya, ta bi ta zaure ta fita lungu ɗauke da katifa, da rediyo, da takalmi ƙafa ɗaya. Jama'a suka dare, ragon Hajja ya tsinke ya yi Kantin Kwari.

Yagana tana bakin falo rungume da shadda ta talatin da ɗaya. Tara na kan igiya, sun tashi daga ruwan hoda. Ta dube su, ta dubi ƙofar ɗakin.

"Baban Kamila?"

Boniface da Ikrima suka kutsa ciki. Can sai ga su sun fito riƙe da shi, ya faɗo ne a kan buhunan tsumma, ko ƙwarzane bai yi ba. Daga hular kwano har tafin ƙafa launinsa ɗaya, sai idanu biyu da ke ƙiftawa. Ya tofar da ruwa, ya sosa wuya, ya dubi taron da ya cika gidan har kan katanga.

"Wannan," in ji shi, "gwajin farko ne."

Kotun tafi-da-gidanka tana zaune a ƙarƙashin rumfa a bakin titi, da ƙafa aka taka da shi, lungun duka na biye. Aka ci shi tara, aka kuma yanke masa yashe kwatar daga ƙofar gidansa har bakin kwalbatin Sabon Gari, Asabar uku a jere, Boniface ne mai sa hannu cewa ya yi. An sa wa ɗakin rini kwaɗo na kwana goma. Hajiya Mahbuba ta karɓi shadda talatin da ɗaya da la'asar, ta cire kuɗin tara, ta ce aiki na gaba Yagana ta zo shago ta karɓa da kanta. Ranar Litinin Yagana ta je ofis ta biya kuɗin wata da hannunta, motar kwashe ruwa ta fara zuwa ranar da aka cire kwaɗo. Launin ya bar fuskar Bahauddeen a kwana na shida, bayan kunnuwansa kuwa sai a na goma sha tara.